Duwatsun Gonar Gwaggo Hajo

Da za a ba ni damar warware abu ɗaya daga cikin abin da hannuna ya ƙulla a duniya, ba zan tsaya dogon tunani ba. Zan koma bazarar da ta gabaci shekarar 'yancin kai, in kori jakai da masu jakai daga gonar Gwaggo Hajo, in bar kowane dutse inda na same shi. Na yi kurakuran da suka fi wannan girma a idon mutane, amma su na tuba, sun bar ni na yi barci. Wannan ne ya ƙi barina, don a kansa nake kwana. Duwatsun suna nan ƙarƙashin bangon gidan da nake zaune a Tudun Wada har yau.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne malkar bana, da kuma jikana Nasiru. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, lungunmu ya zama ƙorama, bangon maƙwabta biyu ya zauna, namu ko gezau. Ina zaune a zaure ina kallon jan ruwa yana wucewa da ledoji, sai ga Nasiru ya shigo a jiƙe, bakinsa har kunne. Yana karatun itatuwa da ciyayi a jami'a, wai yanzu har ciyawa sai an yi mata digiri. Ya ce sun je wani tsauni a bayan Wamakko, hukuma na so ta killace shi don a kiyaye itatuwa da tsuntsaye da tsohon salon noman mutanen wurin.

Ya ce, "Tsoho, ba za ka yarda ba. Masana sun gano mutanen da can suna jera duwatsu a gicciye bisa gangare don su tare ruwa. Hikima ce babba! Sai dai an ce wani marar hankali ya kwashe na can sama tun da daɗewa, shi ya sa kwazazzabo ya raba tudun biyu."

Na ce, "Sun faɗi sunan marar hankalin?"

Ya ce, "Wa ya sani? Ai ya daɗe da mutuwa."

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, kana ɗiga mini ruwa a tabarma."

Tudun nan sunansa Dutsin Kurciya. Ba wani dogon tsauni ba ne, amma a ƙasarmu mai shimfiɗe kamar faifai, idan ka hau kansa kana hango gulbi da fadama, kana hango hayaƙin birni. A can aka haifi mahaifina da yayarsa, Gwaggo Hajo. Shi ya sauko Sakkwato tun yana saurayi, ya kama fataucin hatsi da yadi a kasuwa, Allah ya buɗa masa. Ita ta yi aure a gindin tudun, mijin ya rasu, ta koma gonar ubansu da ke can ƙololuwa, ta kafa bukka da rumbu, ta ce daga nan sai kabari. Mahaifina ya yi lallashi har ya gaji. Duk lokacin da ya aika mata da buhun gero, sai ta dawo da shi, ta haɗa masa da kabewa da ƙullin busasshen lalo. Takan ce, "Ni ban cin hatsin awo. Bakin da yas saba da na rumbu, in yac ci na kasuwa kumburi shikai." Wannan shi ne girmanta a duniya. Ba ta da zinariya, ba ta da ɗa namiji, amma ba wanda ya taɓa ciyar da ita.

Sunan ubanta aka sa mini, don haka ba ta kama sunana. Maisuna take ce mini. Tun ina ƙarami nake zuwa mata damina, kuma abin da idona ya gani a tudun nan, idan na faɗa wa yaran yanzu sai su ɗauka tatsuniya ce. Gawo a tsakiyar gona, ya kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore ya tara awaki a inuwarsa. Aduwa da magarya da kurna a gefe. Kalgo da sabara ba a tumɓuke su, sai dai a sare su a bar gindin ya sake tofowa. Wani maƙwabcinta mai suna Arzika, tsoho mai tsokanar tsiya, yana da amya a kan kowace tsamiya, zumarsa har ƙamshin furen gawo take yi. A gindin tudu akwai ɗan idon ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse, ba ya ƙafewa sai bazara ta yi nisa. Da hantsi za ka tarar da kurciya da hasbiya sun rufe shi, da la'asar zabin daji su sauko a jere kamar matan da za su gidan suna.

Su kuwa duwatsun, jeri-jeri suke a gicciye, daga sama har ƙasa, kowane jeri bai wuce gwiwa ba. Gamba ta fito ta tsakaninsu ta riƙe su. A bayan kowane jeri ƙasa ta taru, baƙa, mai laushi, kana luma yatsa ka ji sanyi. Nan Gwaggo take shuka kabewa da duma, nan gasaya da tafasa da rama da yaɗiya suke fitowa da kansu ba mai shuka su. Fakara tana ƙwai a cikin gambar. Bushiya tana kwana a kogon duwatsun, damo yana shan hantsi a kansu. Ni a lokacin duk wannan ƙazanta nake gani. Na saba ganin gonakin fadama shararre, kunya a miƙe kamar an ja da zare.

To, akwai wata al'ada a tudun. Duk wanda zai hau, babba ko yaro, baƙo ko ɗan gari, sai ya tsinci dutse ɗaya a hanya, ya aza shi a kan jerin da ya fara tararwa. Suna kiran abin gaida dutsi. Idan ka iso, kafin a amsa maka sallama sai an tambaye ka, "Ka gaida dutsi?" Idan ka ce a'a, ka koma. Ko mai tallan goro bai tsira ba.

Ina yaro ina yi ba tambaya. Amma da na tasa, na yi 'yan shekaru a elementare, na sauke Alƙur'ani, na fara leƙa ƙananan littattafai a zauren wani malami, sai kaina ya kumbura. Ilimin bai kai cikin cokali ba, amma ji nake duk Sakkwato ba mai tsoron Allah kamata. Na tambayi Gwaggo dalilin wannan abu.

Ta ce, "Dalili? Haka nig ga innata na yi."

Na ce, "Ita kuma don me take yi?"

Ta ce, "Kai Maisuna, in ka ishe ta lahira ka tambaye ta. Miƙo man ludayin can."

Shi ke nan, na yanke hukunci a raina: ragowar tsafi ne. Mutum ya gaida dutse? Ban tambayi malamina ba, ban tambayi mahaifina ba. Wa zan tambaya, ni da na riga na sani?

A shekarar ne mahaifina ya sami fili a Tudun Wada. Lokacin unguwar ba ta cika ba, gida nan, gida can, sauran duk fako. Gari ya ɗauki zancen mulkin kai, kowa na cewa Turawa sun kusa tafiya, kowane ɗan kasuwa na so a gan shi da sabon gida kafin ranar. Magini ya ce idan ana so bango ya daɗe, a yi masa harsashi da jan dutse kafin a ɗora tubali, don kada danshi ya ci gindinsa. Mahaifina ya ce in nemo dutse. A daidai lokacin kuma 'yar Gwaggo ta haihu a Wamakko, ta sauka za ta zauna mata wankan jego. Sai na ga kamar an shirya mini ne: in kawar da bidi'a, in share wa tsohuwa gona, in faranta wa mahaifina. Har ina jin tausayin kaina saboda yawan ladar da zan kwasa.

Azumi ya faɗo a tsakiyar zafi a shekarar. Wanda bai yi azumin bazara a kan jan dutse ba, bai san ƙishirwa ba. Tun hantsi duwatsun suke ɗaukar wuta, sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka taɓa. Iska idan ta buso kamar daga bakin maƙera. Leɓe ya tsage, miyau ya kafe, harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Na ɗauko masu jakai daga birni, waɗanda ba su san tudun ba balle su ji nauyinsa. Mu fara da sassafe, mu cika mangala, a kora jakai gangare, rana na take tsaka mu zube ƙarƙashin gawo kamar matattu. Duk jerin da muka ɗaga, sai wani abu ya fito a guje: kunama, ƙadangare, bushiya ta dunƙule, fakara ta tashi fir ta bar ƙwai. Gambar da ta hana mu, muka sa mata wuta. Ina kallon hayaƙin ina cewa a raina, ga gidan aljannu yana ci.

Arzika ya hau ya same mu, da dutsensa a hannu, ya duba bai ga inda zai aza ba.

Ya ce, "Ɗan birni, mi kaka yi haka?"

Na ce, "Gyara nake, Baba Arzika. Wannan abin da kuke yi ba shi da asali a addini."

Ya ce, "Awo? To ni dai sallata biyar ta, ban taɓa yi ma dutsi sujada ba. Hajo ta sani?"

Na ce, "Gonar kakana ce, sunansa gare ni."

Ya ce, "Sunan dai kad ɗauko, hankalin ka baro shi can." Ya juya dutsen nan a hannu, ya sa shi a aljihun taguwa, ya gangara. Daga nesa ya ɗago murya, "In ka gama da nata, kak ka kuskura ka taɓa nawa. Ƙudan zumana ba su azumi!"

Masu jakai suka yi ta dariya. Ni kuwa na ce jahilci ne ke damunsa.

Kafin Sallah mun share gonar tas. Mahaifina ya ga tulin jan dutse a filinsa, masu kyau, kusan kai ɗaya, ya tambaye ni inda na samo. Na ce a wajen tudu, zube suke ba mai so. Ban yi ƙarya ba a ganina. Ya sa mini albarka a gaban magini, na ji kamar a naɗa mini rawani.

Ranar da Gwaggo ta dawo ina can, na tsaya ne musamman don in karɓi godiya. Na hango ta tana hawowa da ƙwarya a ka, da ɗan dutsenta a hannu. Ta iso inda jerin farko yake a da, ta tsaya. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ɗan ƙara gaba, ta sake tsayawa, kamar wadda ta ɓata hanya a cikin ɗakinta.

Ta ce, "Maisuna, ɓarayi sunka zo?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo. Na share miki. Dubi yadda ta yi fili, yanzu ko garmar shanu sai ta shiga."

Ta ce, "Ina da shanu?"

Na fara yi mata wa'azi. Wallahi na yi, da ƙaulin malamai da komai, yawancinsa ban ma fahimce shi ba. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Kabewata hwa, mi za ta hau?" Abin da ya dame ta ke nan. Ita ma ba ta san abin da ke tafe ba. Ba wanda ya zauna ya ce mini ruwa zai yi kaza, ƙasa za ta yi kaza. Sun gaji abin ne kamar yadda mutum yake gadon tafiyar ubansa, bai san yana yi ba. Ta sunkuya ta ajiye dutsenta shi kaɗai a tsakiyar fili, ta shige bukka. Ranar ba ta dama fura da ni ba.

Shamuwa ta iso, gabas ta fara haɗa hadari. Ruwan farko ya sauka da ƙamshin ƙasa, ƙwarin shinge suka tashi, muka yi shuka. Ni da sungumi a gaba, ita tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige. Gero ya tsiro layi-layi, ba dutse ba ciyawa, gonar ta yi kyau kamar a hoto. Aka yi mata gayyar noman fari, mutanen tudu suka hau da kalmensu, kowa da dutse a hannu don sabo, suka rasa wurin azawa suka tara su a gindin gawo. Ana noma ana yi mini waƙar shaƙiyanci, wai ɗan birni ya yi wa gona aski. Ina jin su, ina cewa a raina za ku gani da kaka.

Muka gani kuwa, tun kafin kaka. Malka ta kama. Wata ranar da azahar sama ta yi baƙi ƙirin, aka saki ruwa kamar ana juye tulu. Muna bakin bukka ni da Gwaggo. A da, idan aka yi irin wannan, ruwan yakan tsaya a bayan kowane jeri, ya yi 'yan tafkuna, ya nutse a hankali, har kwaɗi su samu wurin kuka. Ran nan ba abin da ya tare shi. Ya taho daga ƙololuwa, ja wur, yana ƙugi. Ina gani da idona baƙar ƙasar nan da aka yi kaka da kakanni ana tarawa tana narkewa kamar gishiri. Gero ya kwanta, saiwarsa a sama. Ruwan ya haɗa kai wuri ɗaya ya fara yanka, kafin la'asar ya tsaga rami mai kai ƙugu, ya afka gonar Arzika ya ture masa jeri biyu. Na fita da kalme a cikin ruwan ina ta tara ƙasa ina tarewa, kamar mai tare gulbi da tafin hannu. Gwaggo ta ƙwala mini kira, "Dawo, wawa! Ka kashe gona, kak ka ƙara man da gawa!"

Da aka ɗauke, abin da ya rage tsakuwa ce da jan fako.

Labari ya riga ni isa birni. Na tarar da mahaifina a sabon zaure, bango ya gama tashi, ana shirin aza azara. Bai taɓa dukana ba, ran nan ma bai yi ba, amma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Cewa niy yi ka samo dutsi. Ce maka niy yi ka tuɓe ma gonar ubana zane?"

Na ce, "Baba, na ɗauka tsafi ne."

Ya ce, "Ka ga an yanka kaza? Ka ga an zuba nono? Ka ji ta roƙi dutsin wani abu?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To mi kag gani?"

Na ce, "Na ga suna azawa."

Ya dafe kai. "Ya ga suna azawa! Jama'a, ku ji man malami. Magini ma azawa shikai, tahi ka rushe mai."

Ya so a tone harsashin a mayar, magini ya ce sai dai a rushe gidan duka, kuma ko an mayar da dutse, wa zai mayar da ƙasa? Haka aka bar shi.

Da kaka, abin da Gwaggo ta girba bai rufe gindin rumbu ba. Mahaifina ya aika da buhu, ta dawo da shi, wannan karon ba kabewa, don babu. Ya ce tunda ni na ɓata, in koma can in zauna har sai na gyara. Na yi rani ina tsintar duwatsu ina jerawa. Sai a lokacin na gane jerin ma ba haka kawai ake yinsa ba, yana bin kwanciyar tudu ne, kuma gamba ce ke ɗaure shi, ga shi na ƙone ta. Nawa ya fito a karkace kamar haƙoran tsohon jaki. Arzika yakan hau ya tsaya yana kallo, ya ce, "Sannu da tsahi, Malam." Amma yakan aza nasa kafin ya wuce.

Bazarar shekarar 'yancin kai ita ce yunwar da na sani. Ba yunwar ƙasa ba ce, kasuwar Sakkwato cike take da hatsi, rumfar mahaifina ma haka. Yunwar gida ɗaya ce, wadda na saya mana da hannuna. Idon ruwan gindin tudu ya ƙafe tun kafin azumi ya fita, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Sai mun gangara har fadama da tulu. Kurciyoyi suka watse, zabin daji suka daina sauka. Gwaggo takan auna gero da tafin hannu, ta yi kunu tsararo wanda kana hango gindin ƙwarya. A da irin wannan lokaci ganye ke rufa asiri, tana da busasshen tafasa da rama da yaɗiya buhu-buhu. A shekarar ba ta samu na shanyawa ba, don inda suke fitowa ya tafi. Muka koma ga 'ya'yan anza, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu, a dafa. Ko an yi haka, yana barin maka ɗaci a maƙogwaro har washegari.

Ni dai ba waliyyi ba ne. Idan na sauka birni nakan cika cikina da tuwo a gidanmu, in ɓoyo gero a cikin riga, in faki idonta in zuba a rumbu. Rana ɗaya ta gane. Ta ɗebo a tafin hannu ta shinshina, ta ce, "Wanga ya kwana buhu." Ta tsince shi tas ta ba kajin Arzika. Haushi ya kama ni har na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Gwaggo, wannan taurin kai ne! Mutuwa za ki yi?" Ta ce, "Kai ka kawo wa'azi bara, bana kuma hatsi kaka kawowa? Riƙe abinka. Na ga amfanin na farko."

Damina ta zo, muka shuka, ruwa ya ture jerina kamar wasan yara, ramin ya ƙara faɗi. Geron da ya tsira ya tsaya iya gwiwa, ya yi ja, ya fitar da kai kamar yatsa. Ƙafafun Gwaggo suka fara kumburi. Wata safiya ta tashi za ta ɗauki tulu, ta zube a bakin bukka. Arzika ne ya hau ya zauna kusa da ita, ya cire hula, ban taɓa ganinsa babu wasa a baki ba sai ran nan. Ya ce, "Hajo, sauka. Tudun ya sallame ki." Da aka kawo jaki ba ta ƙi ba.

Muka shigo Sakkwato ana tsakiyar shagalin mulkin kai. Ko'ina kiɗa, 'yan makaranta da 'yan tutoci kore da fari, mutane na ta yi wa juna barka, wai yau mun karɓi ƙasarmu. Ni ina jaye da jaki, a kansa matar da na raba da tata ƙasar. Wani ma ya miƙo mata tuta, ta karɓa ta yi fifita da ita.

Ɗakin da aka ba ta a sabon gida yana kusa da zaure, kuma a gindin bangonsa kan duwatsun ya ɗan leƙo waje. Ta sauka daga jaki, ta tsaya tana kallonsu. Ta sa ƙafa ta taɓa ɗaya mai faɗi, ta ce, "Wanga na bakin kabewa na." Ta gane shi. A daren farko aka kawo mata tuwon hatsin awo, ta ci, kuma daga ranar ban ƙara jin ta yi wa kowa gorin rumbu ba. Wannan shirun ya fi mini zagin Arzika ciwo.

Ta yi 'yan shekaru tare da mu, ba ta sake hawa tudun ba. Sai dai duk inda ta je, ko gidan suna ko makoki, ba ta dawowa hannu sake. Za ta tsinto ɗan dutse a hanya ta aza a gindin bangon nan kafin ta shiga. Matan gida suna dariya, suna cewa tsufa ne. Ni ban taɓa dariya ba. Kafin ta rasu na nemi gafararta, ta ce, "Na yahe maka tun tuni, Maisuna. Haushinka dai nika ji, shi kau ba zunubi ba na." To ni ma haushin kaina nake ji, kuma har yau bai huce ba.

Da malkar bana ta lafa, na sa Nasiru ya kai ni Dutsin Kurciya a mota. Ramin da na fara ya zama kwazazzabo, sai ka sa gidan sama a ciki. Gefen su Arzika, inda jikokinsa suka riƙe jerinsu, har yanzu da gawo da gamba, na ma ji kukan fakara. Gefenmu jan fako ne, ko tumfafiya ba ta so. An kafa allo, an kawo wasu samari da riguna iri ɗaya suna gadi, ana ta koya wa manoma jera dutse da igiya da wani ƙarfen awo, har da ba su lemo. Abin da Gwaggo take sa mai tallan goro ya yi kyauta!

Na tsinci dutse a bakin hanya, na dogara sanda, na lallaɓa zuwa jerin farko. Na sunkuya ke nan zan aza, sai wani yaro cikin masu gadin ya taho a guje.

"Baba! Baba, ajiye! Ba a taɓa duwatsun nan, doka ce. Kayan tarihi ne."

Na ce, "Ɗana, ba ɗauka zan yi ba, ƙarawa zan yi."

Ya ce, "Ko ƙarawa, sai da izini daga ofis."

Na dube shi. Ƙuruciya, tsabtar riga, da tabbacin nan a fuska na wanda ya riga ya sani. Kamar na duba madubi. Na ce, "Ina kake lokacin da ake bukatarka? Ka makara da shekara sittin da wani abu." Bai gane ba. Nasiru ne ya tsaya yana kallona baki buɗe, ya ce a hankali, "Tsoho... kai ne?" Na ce, "Ni ne marar hankalin, kuma ban mutu ba. Riƙe mini sandar nan." Na aza dutsena. Yaron ya ce zai kai ƙara, na ce ya gaida su.

Ku da za ku karanta wannan, roƙona ɗaya ne. Idan kun tarar da tsofaffi suna wani abu a gona ko a daji, kun tambaye su dalili sun kasa faɗa, kada ku ɗauka babu dalilin. Ku ƙara tambaya, ku jira damina ɗaya ta wuce a kan idonku kafin ku kira masu jakai. Ni ban jira ba. Kuma duk wanda hanya ta bi da shi ta Dutsin Kurciya, don Allah ya tsinci ɗaya ya aza a can sama, gefen da ya fi ja. Idan mai gadi ya yi magana, ku ce saƙon Maisuna ne.